Rasuwar Ƙusar Ƙafar Malam Ɗantani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Ɗantani Hamma, manomin albasa a Aliero, ke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Jega da Maiyama rasuwar abokiyar zamansa, Ƙusa, wadda ta shekara uku a idon sawunsa na dama.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a 1996, bayan Malam ya faɗo daga motar albasa a kasuwar Jega. Masu ɗorin Aliero, da ba a raina musu, suka duba suka ce wannan karaya sai asibiti. A can aka ɗaure ƙashin da ita. Likita ya yi dogon Turanci, mai fassara ya dunƙule shi a kalma huɗu: "Za ta bi jiki." Malam ya ɗauka cewa aka yi za su saba da juna. Ya yi godiya, ya dawo gida yana shaida wa kowa cewa akwai ƙarfe a ƙafarsa.

Baiwar Allah ce mai kawaici. Ba a taɓa jin muryarta ba sai ɗan "ƙas" idan Malam zai tashi daga tabarma. Albarkacinta ya samu gaban mota daga Jega har Maiyama. Albarkacinta ya shekara uku bai duƙa dashe ba, bai ɗaga buhu ba, yana ƙarƙashin bishiyar bedi yana nuna wa mutane kuskurensu da sanda. Ko hadari ya haɗo shi ke fara shiga ɗaki, don kowa ya san tsawa da ƙarfe.

Jinyarta ta faro a ɓoye. Da farko "ƙas" ɗin ya ɗauke, sannan tsamin ƙafar ya tafi. Malam ya rufa mata asiri, ya ci gaba da ɗingishi saboda amana. Sai ranar da ƙudan zuma suka tashi a fadamar Kimba, inda gonarsa take, matarsa A'i ta ga ya wuce kowa da gudu, sandar ma a can ya baro ta.

A'in ce ta sa shi gaba har asibiti. Hoton ƙashi ya nuna babu Ƙusa babu alamarta, har ramin da marigayiyar ta zauna ya cike. Likita ya ce ai ba ƙarfe ba ce tun asali, wata irin roba ce da aka yi don ta riƙe ƙashi har ya haɗe, sannan ta narke, jiki ya shanye ta. Nan Malam ya gane abin da mai fassara yake nufi, kuma wallahi ya fi jin zafin wannan a kan karayar.

Ta rasu ta bar ƙashi lafiyayye, da tabo ɗaya, da sanda marainiya, da mai gida da bai shirya warkewa ba.

Ba za a kai ta makwanci ba, domin ta riga ta binne kanta a cikin mai makokin. Malam ya nemi kwana bakwai na zaman makoki. A'i ta ce, "Yini guda ya isa, Malam. Ƙahwa ta warke, ga hwartanya can tana jiran ka."

Saboda haka za a karɓi gaisuwa ranar Asabar da hantsi a fadamar Kimba. Mai zuwa ya taho da fartanyarsa. Za ku tarar da Malam Ɗantani a kunya ta uku, a duƙe.