Zagin da Dogo Ya Hana Auta

"Lafiya lau, sai dai ganin fuskarka da ya ɓata min safiya," in ji Auta, tana ture wata matacciyar firinta daga kan benci don ta samu wurin zama.

Dogo bai ɗago kai daga kwamfutar da ya farke ba. "Da ma na ga fankar shagon ta tsaya haka kawai. Na ce wata masifa ce ke tafe."

Dogo ɗan gwaggonta ne, taubashinta, mai gyaran kwamfuta a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene. Yayanta marigayi, wanda ake kira Mai Shafi, Allah ya jiƙansa, shi ya buɗe shafin intanet mai kawo labaran babbar manhaja, wadda ke tafiyar da kwamfuta da waya. Ba ya rubuta komai a kan sabon zubin manhajar sai ya ɗora shi a kan kwamfutar Dogo. In ta mutu ya samu labari, in ta rayu ya samu labari. Ramuwar Dogo ɗaya ce: duk labarin da ya fita, shi ne na farko da zai shiga ƙarƙashinsa ya zage shi tas. Bayan rasuwarsa, Auta ta karɓi shafin. Ta rubuta labarinta na farko, ta yi ta leƙawa, ba wanda ya ce uffan. Yau ta fito da niyyar in Dogo ya ƙi ba ta kwamfutarsa, ta rufe shafin ta huta.

Ta ajiye filasha a gabansa. "Sabon zubi ya fito. Miƙo kwamfutarka, bawan gidanmu."

"Wace kwamfutar?"

"Waccan mai tari kamar tsohon janareto."

"Wannan da kike rainawa ta girme ki, ta fi ki kunya. Yayanki ya kashe ta ya fi a ƙirga, ina tashin ta. Ranar nan na yi mata alkawari ta gama wahala da 'yan gidanku."

"Alkawari da kwamfuta? Shi ya sa har yau ba wadda ta yarda ta aure ka."

"Ke da kika yi auren, ba mijinki ne ya kawo min waya yana rantsuwa ta lalace ba, ashe caji ne babu? Gidan da za a ba duniya labarin manhaja ke nan."

"Shi bai taɓa ce wa kowa shi injiniya ba ne. Kai kuwa duk abin da aka kawo maka, ka hura masa iska, ka kashe ka kunna, ka ce a dawo gobe."

"Kuma yana tashi."

"Don tsoron ka sake taɓa shi."

Dogo ya ɗauki filashar da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ƙadangare. "Wa ma ke karanta shafin nan? Kawu, da ke, da wani mutum da ya ɓata hanya yana neman sakamakon ƙwallo."

"Da kai."

"Ni? Allah ya kiyaye."

"Har ka san na rubuta ko ban rubuta ba?"

"Ina zan sani? Ni dai an ce wata ta yi sakin layi huɗu tana bayanin inda maɓallin kunnawa yake. Ta kuma sa hoton kwamfutar a kife."

Hoton a kife yake, kuma a can ƙarshen labarin yake, inda sai wanda ya karanta duka zai kai.

"Ka karanta ke nan," ta ce a hankali. "Ka karanta, ka wuce. Shi Yaya ko waƙafi ya manta sai ka tara masa jama'a. Ni ban kai a zage ni ba?"

Dogo ya juya sukurdireba a hannunsa. Ya dubi kujerar roba da ke bakin ƙofa, wadda marigayi ke zama a kai yana dariya duk lokacin da allon kwamfutar ya ɗauke. Har yau ba a ɗora komai a kanta ba, a shagon da ko ƙasa ba wurin sa ƙafa.

"Na fara rubutawa," ya ce. "Sai na tuna shi ke ba ni amsa."

"To ni bebiya ce?"

Dogo ya ajiye sukurdireban. Sannan ya jawo wayarsa, ya yi ta danne-danne yana cije leɓe. Wayar Auta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta ciro ta karanta a fili:

"Marigayi ya yi shekaru yana ɓata wannan shafi bai gama ba. Alhamdulillahi, an samu wadda za ta ƙarasa."

Ta fashe da dariya, tana goge ido da bakin mayafi. "Ka rubuta 'ƙarasa' ba daidai ba, jahili."

"Ki ba ni amsa a can, ba a nan ba." Ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya ciro tsohuwar kwamfutar, ya hure ƙurar da ke kanta, ya ɗora ta a kan kujerar roba. "Ga ta nan. Ki kashe ta a hankali, ta saba da hannun gidanku."