Burkutun Kofur Sila Mai Kwana Tara

Daga Dabai har Wasagu, ƙasar Zuru ba ta taɓa haifar masanin abin sha kamar Kofur Sila mai ritaya ba. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma wa ya fi shi sanin kansa?

Shekara ashirin da biyu ya yi a soja. Sa'o'insa sun dawo gida da tabon harsashi, shi ya dawo da mabuɗin kwalba da farar safar hannu. A mes, gidan ci da sha na hafsoshi, ya yi nasa yaƙin, riƙe da tire. Shi ya sa 'yan acaba ke kiransa Janar Kawo-Ƙanƙara, yana ɗaga musu hannu a hankali kamar mai duba fareti.

"Ku mutanen nan kuna sha, amma ba ku san sha ba," in ji shi. "Kowace giya da kofinta, wani dogon wuya, wani ƙugun zanzaro. Ku kuwa ƙwarya ɗaya, baki goma, ƙuda na sha ɗaya! Kuma giyar kirki sai ta tsufa. Na zuba wa Birgediya wadda ta girmi ɗiyarsa."

Duk shekara bayan girbi ƙungiyar tsofaffin sojoji na yin walima, kuma tun ana yara Saloma ke dafa musu burkutu. Ita ke jiƙa dawa, ta bar ta ta tsira, ta niƙa, ta wuni gaban wuta. Wannan karon Janar ya ce a ba shi aikin, ya fid da su daga jahilci. Shugaban ƙungiya, Saje-Manja Aaron, ya ce to, ran Asabar ta sama shi da Saloma kowa ya kawo nasa gindin mangwaro a ɗanɗana.

Sai dai wani hanzari ba gudu ba: Janar bai taɓa dafa ko kunu ba. Ya aiki matarsa Margaret gidan Saloma ta sayo jarka guda, wai baƙi ya yi. Ya samo kwalabe a shagon Nwankwo, ya ɗura, ya toshe, ya ɗaure da waya, ya jera ƙarƙashin gado.

"Baban Rachael, burkutu fa ba ya kwana biyu," in ji Margaret.

"Ke kin taɓa shiga mes?"

Kwana na biyar kwalba biyu suka fashe, akuya ta tsinke igiya. Janar ya ce ƙarfi ne ke shigar giyar.

Ran Asabar ya iso da taye mai siffar malam-buɗe-littafi. Saloma na gefe da tulunta, kumfa na tashi a hankali. Janar ya jera kofuna, ya yi laccar rabin awa kan yadda Turawa ke binne inabi, tsofaffi na haɗiyar yawu. Sannan ya ɗauki kwalba ya girgiza ta kusa da kunnensa, kamar yadda ake wa manya.

Fau! Murfi ya kakkaɓo ganyen mangwaro. Tsofaffi uku suka kwanta rub da ciki. Kumfa ta wanke Saje-Manja daga hula har lambobin yabo, wani wari ya tashi kamar an jiƙa tsohon takalmi a ruwan tsamiya.

"Haka take yi a Turai," in ji Janar, yana rarraba ragowar a kofuna.

Saje-Manja ya share ido da gefen riga. "Kofur, a garin nan mai giya shi ke fara kurɓa. Bisimilla."

Wanda ya ce zai haɗiye gatari, sai a riƙe masa ƙota. Janar ya kurɓa. Kunnuwansa suka motsa, hawaye ya cika ido.

"Sai... sai mai ilimi ke jin daɗinta."

"Mu jahilai ne, ga nawa ƙari," in ji Saje-Manja. Tsofaffi suka bi layi, kowa ya ajiye kofinsa gaban mai ilimi, suka koma wajen tulu. Ba a ma jefa ƙuri'a ba.

Saloma ta ɗauki kwalba ɗaya ta shinshina, ta girgiza kai.

"Wayyo dawata! Mi ta yi maka ka kulle ta kwana tara a gadurum? Kofur, in za ka sake aiko Margaret, ta faɗa mini ta sha ce ko ta harbi."