Man Dambun Inna a Kaina

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙawata Zara'u a Tsarnawa ba, ko na so mantawa ma 'yan unguwarmu a Ƙonni ba za su bar ni ba. Amma bari in gyara zance tun yanzu: masu cewa miya na shafa a kai ƙarya suke yi. Ba miya ba ce, mai ne. Akwai bambanci.

Lokacin na daina sa wa gashina maganin miƙarwa, na kuma addabi kowa da wa'azi. Duk wadda ta zauna kusa da ni sai ta sha karatu: ruwa ake fara fesawa, shi gashi ke sha, sannan a bi da mai ya tsare ruwan kada ya bushe. (A salula na gani, amma yadda nake faɗa sai ka rantse ni na ƙirƙiro.)

Ranar kuwa Hajiya Ramatu, mahaifiyar Sani da ke nemana da aure, za ta zo bikin daga Malbaza musamman don ta gan ni. Ga mura ta toshe min hanci, ga ɗan kabu-kabu yana ta danna oda a ƙofar gida, ni kuma dama ba haƙuri gare ni ba. Na fesa ruwa, na fizgo kwalbar man zaitun ɗina a kan taga, na tuttula, na murza har fatar kai. Na ga man ya ɗan yi ja, na ce ai alamar mai kyau ke nan, na ƙara. Ashe man zaitun ya ƙare tuni, Inna kuwa ba ta yar da kwalba. Man da ta soya da albasa da tattasai don dambu ta ɗura a ciki.

Kafin mu kai Tsarnawa rana ta sake soya shi a kaina.

Ina zama cikin mata sai aka fara waige-waige. Wata tsohuwa ta buga sanda ta ce, "Ku ji min rashin ta ido! An raba dambu an tsallake mu!" Ni ma har na taya ta faɗa. Na ce, "Wallahi Kaka, rowa ce kawai."

Can aka kira ni in gaida Hajiya. Na durƙusa, na sunkuyar da kai cikin ladabi, daidai ƙasan hancinta. Ta ce, "Lahiya lau, ɗiyata..." sai ta buɗe hanci ta shaƙi ƙamshi. A nan ne wata akuya da ta biyo ni tun daga zaure ta kama bakin ɗankwalina ta yi gaba da shi tana tauna.

Ga gashi nan a fili, yana ƙyalli. Hajiya ta sa yatsu biyu ta ciro wani abu daga tsakiyar kaina, ta duba shi a rana, ta ce, "Wagga albasar Galmi ce."

Balki, wadda na fi damunta da wa'azin gashi, ta ɗaga murya daga baya: "Malama, ƙarasa mana darasi! Bayan ruwa da mai, yaushe ake barbaɗa yaji?"

Na koma gida na tabbata zancen aure ya mutu. Sai ga Sani da yamma, yana dariya har da riƙe ciki. Wai Hajiya ta ce, "Hankalin yarinya ban gama gane shi ba, amma gidan da aka yi wagga suya sun iya girki. A kai goro."

Abin da ya fi ba ni haushi, gashina bai taɓa yin laushi irin na wannan makon ba. Don haka na yanke shawara: man Inna zan ci gaba da shafawa, amma zan riƙa ɗiba kafin albasa ta shiga. In kuma ina mura, sai wani ya shinshina min kai kafin in fita.