Gidan Baba Ɗanjuma Mai Ɗaki Shida

Ba zan taɓa mantawa da makon da na karɓo satifiket ɗina na dillancin gidaje da filaye ba. Wata uku na yi ina zirga-zirga zuwa Kano, har da darasi na musamman kan hulɗa da tsofaffi. Na sa takardar a firam, na rataye a shagona na Kwanar Dangora, daidai inda mai shigowa zai kusa buga kai da ita. (Har hanawa na yi a ce min dillali. Wai ni ƙwararre.)

Ranar Laraba sai ga Baba Ɗanjuma, wani dattijo masunci daga wajen Tiga. Ciwon gwiwa ya raba shi da kwalekwale, yana neman ɗan gida kusa da 'yarsa. A aji an koya mana ka fara tambayar tsoho gidan da ya fi so a rayuwarsa, sannan ka yi shiru ka saurara. Rabin farko kawai na riƙe.

"Gidanmu na gado," in ji shi. "Ɗaki shida, ga rijiya, ga tsamiya a ƙofar gida. Sai dai fa..."

"Da mutane a ciki?"

"Babu kowa, ɗana. Ai tun..."

"To Baba, an gama! Shi za mu sayar mu saya maka wani."

"Ba zai sayu ba."

Na nuna masa firam da yatsa. "Baba, ka ga wannan? Babu gidan da zai gagare ni."

Ya kalle ni, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Ka zo Asabar."

Da ni kaɗai na je, da sauƙi. Sai da na ɗauko Alhaji Sabo, babban ɗan kasuwar hatsi a Kiru, wanda na jima ina neman ya yarda da ni. A mota na yi ta zayyana masa gidan kamar a ciki aka haife ni, har da rantsuwa cewa unguwar ba ta da matsalar ruwa.

Muka biya muka ɗauki Baba, ya shiga gaba yana nuna hanya. Muka wuce gonakin rani, muka wuce gidajen ƙarshe, har hanya ta ƙare a bakin dam. Masunta na zaune suna gyaran koma. Na fito da tef ɗin awo a hannu, ina waige-waige.

Baba ya ɗaga sandarsa ya nuna tsakiyar ruwa.

"Ka ga inda kwalekwalen can yake? Nan ne zaure. Ina saurayi ruwa ya cinye garin."

Alhaji ya gyara hula, ya ce, "Gaskiya ka faɗa, Malam ƙwararre. Babu matsalar ruwa."

Masunta suka fashe da dariya, wani har yana tambaya ko a ara min kwalekwale in fara awo. Na rasa inda zan sa tef ɗin, na rasa inda zan sa kaina. Alhaji ya ja motarsa, ni a acaɓa na koma.

Kafin in tafi dai na durƙusa na ba Baba haƙuri, na zauna ya ba ni labarin garinsu har la'asar. A nan na ji abin da yake so: ɗaki biyu, babu matakala, kusa da masallaci. Cikin wata guda na samo masa.

Yanzu duk tsohon da ya ce min "sai dai fa", cije leɓe nake yi har ya kai aya, ko da shayina zai huce.