Yadda Za Ka Koma Bayan Duwatsu Ba Tare da Ka Bar Unguwa Ba

Surukinka zai tashi daga gidan haya, kuma kai ya zaɓa ka sauko masa da firiji daga bene? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko cokali ba za ka ɗauka ba.

1. Zaɓi wuri

Ka ce wajen aiki sun tura ka can bayan duwatsu. Kada ka zaɓi fili, don a fili waya tana kamawa tangaram. Dutse kuwa ba ya barin magana ta wuce, kuma ba mai zuwa ya tambaye shi.

2. Ji sanyi

Kowa ya san saman dutse sanyi gare shi. Idan Baba ya kira, zura rigar sanyi ko da rana na dafa ƙwai. Murya tana gane abin da jiki ya saka. Ka riƙa haɗa haƙora, ka ce, "Baba, nan har man shafawa daskarewa yake."

3. Sauya harshe

Mutanen da dutse ya raba, maganarsu ma rabuwa take. Ja ƙarshen kalma, ka gaishe shi da wata gaisuwa da ka ƙirƙira yanzu. In bai gane ba, ka ce haka ake yi a can.

4. Katse layi

Da ya ambaci firiji, murza leda a bakin wayar. "Baba... ba na... dutse..." Sai ka kashe.

5. Iya ɓuya

A nan wani ɗalibina tela ya kwafsa. Ya je ya laɓe a shagon abokinsa mai gyaran waya. Ledar tasa ta yi aiki har ta wuce gona da iri, surukin telan ya ɗauka wayarsa ce ta lalace, ya kawo ta gyara shagon. Ya tarar da shi zaune cikin rigar sanyi, gumi na zuba, leda a hannu.

"Sannu da sanyi, ɗana," in ji surukin. "Ajiye ledar nan, za mu zuba cokula a ciki."

Gargaɗi: ni ban san ka ba, ban san surukinka ba. Telan ma da bakinsa ya ce firijin bai kai kallon da matarsa ta yi masa nauyi ba.