Takalmina a Cikin Furannin Mutane

Ko na tsufa na fara manta sunayen 'ya'yana, ba zan taɓa mantawa da ranar da takalmina ya kusa sa a ɗaure ni a ƙasar Tailan ba.

Ni direba ne. Shekara goma sha bakwai ina tuƙa wani Alhaji daga Suleja zuwa Abuja, kullum cikin cunkoson nan da ke tsufar da mutum. Da gwiwarsa ta matsa masa aka ce sai aiki a waje, shi ne ya ce da ni za a tafi, don ni kaɗai ke iya ɗaga shi. (Kada ka ɗauka gata ne. Alhaji ya kai buhun masara da rabi.) Muka tafi mu uku, har da 'yarsa Bilkisu, wadda ita ce bakinmu tunda ita ke jin Turanci sosai.

Bayan an yi aiki likita ya ce ya riƙa taka ƙafar kaɗan-kaɗan. Sai Bilkisu ta shirya mana tafiya arewacin ƙasar, wata jiha da ake kira Lampang, wai akwai duwatsu da dazuzzukan da gwamnati ke tsarewa, da tsofaffin gine-gine. Na ce mata ni da na tashi ina kallon dutsen Zuma, wane dutse za a nuna mini? Ba ta kula ni ba.

A mota ta yi ta jan kunne. Ta ce a ƙasar nan ƙafa abin raini ce, ba a nuna mutum da ita, kuma wanda ya wulaƙanta wurin ibadarsu zai iya kwana hannun 'yan sanda. Na ce to. Rabin maganar a gyangyaɗi na ji ta.

Muka isa wani tsohon wurin bautarsu a kan tudu, ginin katako da katangar jan bulo, an ce ya yi ɗaruruwan shekaru. Na ce ni zan jira a waje. Alhaji ya ce, "Tarihi muka zo gani, ba bauta ba. In ka tsaya wa zai riƙe ni?" A bakin shiga kowa na cire takalmi yana jerawa.

To ga inda Suleja ta biyo ni. Sau uku ana ɗauke mini takalmi a masallacin Juma'a, akwai ranar da na taka har unguwarmu Iku ƙafa ba komai. Tun daga nan na koyi raba ƙafa: ɗaya nan, ɗaya can nesa, don ɓarawo ba ya ɗaukar wari guda. Wannan kuwa sabon sau-ciki ne da na saya musamman don tafiyar. Na bar na hagu cikin jerin, na faki idon mutane na zaga bayan katanga da na dama, na ga wani rami a jikin bulo, na cusa shi can ciki. Har ina yaba wa kaina.

Abin da ban sani ba, ramin ya ɓulla ta ɗaya gefen. A can kuwa wurin ajiye furanni ne da turare, gaban wani mutum-mutumi da suke girmamawa.

Mun gama zagaye ina tallafe da Alhaji, sai muka tarar mutane sun taru shiru. Ga mai gadi cikin kaki yana magana a waya. Ga wani tsoho, malamin addininsu, kai a aske, cikin mayafi ruwan lemo. Ga takalmina, lamba arba'in da biyar, zaune daram a kan furannin mutane, ya ture kaskon turare.

Na fara tunanin in ce ba nawa ba ne. Na dubi ƙafafun da ke wurin, duk ƙanana, na dubi nawa kamar faranti. Alhaji ya matse mini hannu ya ce ƙasa-ƙasa, "Kai, wancan ba naka ba ne?"

"Ranka ya daɗe, ya yi kama da shi."

"In suka kama ka, wallahi ban san ka ba."

Bilkisu ta dafe kai. "Baba direba, me na faɗa a mota?"

A lokacin na gama ganin kaina a kurkukun da ba mai kawo mini ko ƙosai, aiki ya tafi, iyali a Iku suna jin labari a bakin 'yan tasha. Ban san sanda na tsuguna gaban tsohon nan ba, irin tsugunon gaban surukai.

Ya yi tambaya. Wata 'yar ƙasar da ke yi mana jagora ta mayar Turanci, Bilkisu ta mayar mini Hausa: wai me ya sa ƙafa ɗaya? Na faɗi gaskiya tsirara, har da tattakin Iku. Maganar ta koma ta hanyar da ta zo. Ina kallon fuskarsa ina salati a zuci.

Tsohon ya gama saurare. Can sai kafaɗarsa ta fara rawa, ya rufe baki da gefen mayafi yana dariya. Mai gadi ya sauke waya. Bilkisu ta ce, "Wai ya ce dabara ce mai kyau, amma a nan karnuka ne kawai ke ɗaukar takalmi, su kuma ɗaya ma ya ishe su."

Ya ce a canza furannin, ni kuma in share tokar da na zubar. Ban taɓa yin shara da daɗin rai irin ta ranar ba. Har inda ban ɓata ba sai da na share.

Washegari muka hau dajin duwatsun, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa har mutane na dafa ƙwai a ciki. Na zauna na shaƙi iska mai sanyi, ina jin daɗin cewa ba wanda ya kulle ni. Alhaji ya ɓare ƙwai ya miƙo mini, ya ce, "Ci. Saura in mun shiga jirgi ka ɓoye takalmi ɗaya a wurin matuƙi." A nan na san aikina na nan.

Abin da na koya bai da yawa. Wayon da mutum ya koya a ƙofar masallacin garinsu, ya bar shi a gida, kada ya hau jirgi da shi.