Rasuwar Tallajar Gidan Tsoho da Halin da Magadanta ke Ciki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda tsoro ma ya samu wurin zama a cikinta, Malam Abdulganiyyu Tsoho na unguwar Utaibiyya a Makka yake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar abokiyar zamansa, wadda baƙi daga Kano ke kira firji, 'yan gida kuma ke kira Tallaja. Ta cika ne a tsakiyar wannan azumi, rana na tsaka, a kusurwar ɗakin girki inda ta tsaya da ƙafafunta tun kafin a aurar da ƙanwarsa Sa'adiya.

Marigayiyar mai sanyin hali ce ciki da waje. Ba ta taɓa korar kwano ba, ko na maƙwabci ne. Amma babban aikinta shi ne riƙon amanar sobiya, abin shan nan na sha'ir da busasshen burodi da kirfa da sukari, wanda ake jiƙawa a bar shi ya ɗan yi tsami. Duk mai wannan sana'a ya san inda gizo ke saƙar. Akwai wata iyaka da tsami ke kaiwa ya yi daɗi, yaro ya sha, tsoho ya sha a buɗa-baki. Idan ya ƙetare ta, sai ya koma abin da ba a ambaton sunansa a gidan Musulmi, balle a wannan gari. Hannun Malam ne ke haɗawa, amma Tallaja ce ke tsayar da tsamin a bakin iyaka. Saboda ita ake cewa sobiyar gidan Tsoho ba ta taɓa ba wa kowa kunya ba.

Rashin lafiyarta ya faro ne da zuwan 'yan Umara. Dangi sun sauka a gidan kamar yadda aka saba, kowa ya dawo daga Harami da jarkar zamzam, kowa na so a sanyaya masa tasa. Wane ne zai buɗe baki ya ce babu wurin zamzam? Malam dai bai iya ba. Aka yi ta cusawa har ƙofa ta ƙi rufuwa, aka ɗaure ta da igiyar shanya. Muryarta da aka sani da “hmmmm” mai kwantar da rai ta koma “kar-kar-kar”. Daga baya ta ce “tik”, ta ɗan yi rawar jiki, ba ta sake cewa komai ba. Mai gyara ya zo, ya taɓa bayanta, ya yi wa Malam gaisuwa.

Ta rasu ta bar ganguna uku na sobiya, fara da ja da mai tsamiya, da jarkunan zamzam da masu su suka kwashe tun gawa ba ta gama hucewa ba. Ta kuma bar wata kwalba mai jan murfi. A cikinta tsamin marigayiya Hajiya Rumasa'u yake, mahaifiyar Malam, wanda ake ɗiban ludayi guda daga gare shi a zuba a kowane sabon haɗi, sannan a mayar masa da ludayi guda. Tun da aka kai Hajiya makwancinta tsamin nan bai yanke ba. Malam bai gaji gida ba, bai gaji shago ba, wannan kwalba ce kaɗai abin da ya rage masa mai rai daga hannunta.

Ana sanar da jama'a, cikin kunya, cewa magadan ba su cikin hayyacinsu. Tun da sanyi ya ɗauke suka fara gunaguni. Gangar fara ta kumbura, ta jar tana huci ta gefen murfi, warin ɗakin kuma ya fara canza magana. Malam yana azumi, ba ya yarda ya kai harshensa, sai dai ya kara kunne ya ja da baya. Ya ɗauki kwalbar Hajiya ya kai wa maƙwabcinsa Nasir ko zai ba ta mafaka a nasa firjin. Nasir ya sunsuna murfin, ya dube shi, ya ce matarsa ta cika ko'ina da sambusa. Sa'adiya kuwa ba ta yi kwana-kwana ba. Ta gaya wa yayanta cewa da Hajiya na da rai, da ita za ta fara tuntsurar da kwalbar da ƙafa. Ya san gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi yi masa ciwo.

Za a fitar da gawar bayan sallar La'asar, masu sayen tsohon ƙarfe daga unguwar Kudai ne za su ɗauke ta. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su tsaya kusa da ganguna, kada su taɓa murfi, kada kuma su tambayi abin sha, ruwa kawai za a bayar idan an kai buɗa-baki. Magadan za su bi marigayiyar kafin a kira Magariba, ta magudanar bayan gida, ɗaya bayan ɗaya. Kwalbar Hajiya ce ta ƙarshe. Malam zai ɗauke ta da hannunsa, ya kuma roƙi kada kowa ya bi shi.